Ratar Da Ke Tsakanin Gini Da Hanya, Haƙƙin Wane Ne?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa domin bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Kwanan baya wani tsohon ɗalibina, wanda na koya wa Larabci shekaru da yawa da suka wuce, ya zo gaishe ni bayan sallar La'asar. Yanzu ma'aikaci ne a hukumar tsara gari ta wata jiha, yana kuma cikin kwamitin da ke duba takardun masu neman izinin gini. Bayan mun gaisa na lura bakinsa da magana, sai na ce ya faɗi abin da ke tafe da shi. Ya ce, "Allah gafarta Malam, wata takarda ce a gabanmu ta hana ni barci."

Ga yadda al'amarin yake. Wani attajiri ya sayi gidaje uku a jere a bakin wata babbar hanya, yana so ya rushe su ya gina bene mai hawa uku na kantuna. To, ginin ba zai yiwu ba sai hukuma ta yi masa abu biyu. Na farko, a taswirar gari an rubuta unguwar nan ta gidajen zama ce, saboda haka yana neman a canza matsayin filinsa ya koma na kasuwanci. Na biyu, doka ta ce duk mai gini ya ja da baya, ya bar rata tsakanin bangonsa da hanya, da kuma tsakaninsa da katangar maƙwabta, shi kuwa yana neman a yi masa rangwame ya matso har gaf da lambatu domin ya sami ƙarin kantuna. Ya yi alkawarin zai gyara lungun da ke bayan filin, ya haƙa wa unguwa rijiyar burtsatse, ya ɗauki samari aiki. Mai unguwa ya sa hannu, maƙwabta biyu sun ce sun yarda, wani dattijo da gidansa ke bayan filin shi kaɗai ya rubuto ƙorafi. Ɗalibin nan nawa ya rantse babu wanda ya miƙa masa ko sisin kwabo. Tambayarsa ita ce: in ya sa hannu, ya ci amana ke nan? In kuma ya ƙi, bai tauye wa bawan Allah haƙƙin da yake da shi a kan dukiyarsa ba?

Na ga tambayar nan ta wuce ni da shi, domin babu babban gari a ƙasar nan da ba a rushe gidaje ana mai da su kantuna, shi ya sa na kawo ta wannan fili.

Tsarin gini ba baƙo ba ne a wurinmu

Mutane da yawa suna ɗaukar dokar gini wani abu ne da Turawa suka kawo don su takura wa jama'a. Gaskiya ne irin tsarin da ofisoshinmu ke bi a yau, na raba gari shiyya-shiyya a takarda, daga ƙasashen Turai da Amurka ya zo. A birnin New York na Amurka, alal misali, an gama wani dogon bene mai suna Equitable a 1915, mai hawa kusan 40, wanda ya miƙe sama tun daga bakin titi ya tare wa maƙwabtansa hasken rana. A 1916 birnin ya kafa dokar da ta raba shiyyoyin zama da na kasuwanci, ta kuma wajabta wa dogayen gine-gine ja da baya. Wani kamfani da ke da fili a garin Euclid ya kai ƙara cewa irin wannan doka ta karya darajar filinsa, a 1926 Kotun Ƙolin Amurka ta ce hukuma tana da ikon yin haka domin amfanin jama'a. Mu a Nijeriya an yi dokar tsara gari a 1946, aka sake wata a 1992, a 2003 kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa aikin nan na jihohi ne.

Amma tun kafin a san da waɗannan duka, malamanmu sun daɗe da yin magana a kan gini da hanya da maƙwabtaka. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya yi hukunci in an yi jayayya a kan faɗin hanya a bar kamu 7, wato mita uku da 'yan kai, gwargwadon abin da zai ishi raƙumi da kayansa ya wuce. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaid Alƙairawani ya ga inda aka hana mutum buɗe tagar da za ta tona asirin gidan maƙwabcinsa, ko buɗe ƙofa daidai ƙofarsa, ko yin haƙan da zai cutar da shi, ko da a cikin mallakarsa yake haƙan. Shehu Halilu a cikin Muhtasar ya ce alƙali zai yi hukunci da rushe ginin da ya ci hanya ko da bai ƙuntata wa masu wucewa ba, ya hana hayaƙi da warin majema da kafa kanti daidai ƙofar gidan wani. A birnin Tunis kuma, a ƙarni na 14, an yi wani magini malami, Ibnur Rami, wanda alƙalai kan aika ya duba gine-ginen da ake rigima a kansu, ya rubuta littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gini. A nan gida ma Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi a kan hanyoyin da mutum ke mallakar fili.

Ashe ke nan ma'aikacin da ke zaune da taswira da ma'auni yana yin aikin da alƙalai da masu hisba suka yi a da. Abin da ya canza shi ne awo. Jiya raƙumi ne ke wucewa, yau tirela ce da motar kashe gobara. Hukuma tana da damar ta sabunta awon gwargwadon bukatar zamani, in ta yi haka domin maslaha kuwa, bin ta wajibi ne. Bugu da ƙari, duk wanda ya karɓi takardar mallakar fili ya karɓe ta ne da sharuɗɗan da ke cikinta, mumini kuwa ba ya warware sharaɗin da ya ɗauka.

Haƙƙin mai fili

Kafin mu ɗora wa attajirin nan laifi, sai mu ba shi haƙƙinsa cikakke, domin shari'a ba ta wasa da dukiyar mutum. An ruwaito cewa lokacin da Sayyidina Umar ya so faɗaɗa masallacin Madina, ya nemi Abbas, baffan Manzon Allah, ya sayar masa da gidansa da ke jikin masallacin. Abbas ya ƙi. Suka kai magana gaban Ubayyu ɗan Ka'abu, ya ba Abbas gaskiya. Sai bayan da aka tabbatar masa da haƙƙinsa sannan ya ba da gidan sadaka don kansa. Masu karatu su duba, halifa ne ke nema, masallaci za a gina, amma ba a ƙwace ba.

Haka kuma ba kowane kukan maƙwabci ne shari'a ke saurara ba. Shehu Halilu bai hana mutum ɗaga gininsa sama ba, muddin ba zai leƙa gidan wani ba. Ibnu Asim, alƙalin Garnaɗa ta Andalus, ya bayyana a cikin Tuhfa cewa in cutar ta rage ciniki ce kawai, kamar mai gidan burodi a buɗe wani kusa da nasa, to babu hanawa. Saboda haka mai kantin da ya zo yana kuka za a raba masa masu saye, ba shi da hujja. Wanda kuma hassada ce ke cinsa don ya ga ɗan unguwarsu ya yi arziki, wannan sai ya nemi maganin zuciyarsa.

Gari kuma rai gare shi, yana girma. Hanyar da jiya jakuna ke bi, yau motoci ne ba dare ba rana, mai yiwuwa ma gidan zama bai dace da bakinta ba kuma. Samarin da ke zaune a bakin titi ba aikin yi suna bukatar inda za su nemi abinci. Ma'aikacin da ya mai da "a'a" ta zama amsarsa ga kowace takarda don tsoron abin da za a ce, ko ya danne takardar mutum wata da watanni har sai an zo ana lallashinsa, shi ma zalunci yake yi. Don haka ban gaya wa ɗalibina cewa ƙin sa hannu shi ne tsoron Allah ba.

Wa zai biya?

Ɗalibin nan ya ce da ni, "To Malam, ai ratar nan da ake magana a cikin filinsa take, ba hanya ya ci ba." Na ce haka ne, ƙasar tasa ce, amma amfanin barinta a buɗe na jama'a ne, an kuma sayar masa da filin ne da wannan nauyi a kansa. Na tuna masa da misalin da Manzon Allah ya buga a hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, na mutanen da suka yi ƙuri'a a kan jirgin ruwa, wasu suka sami sama wasu ƙasa. Na ƙasa suka ga wahalar hawa sama ɗibar ruwa, suka yi shawarar su huda rabonsu. Rabonsu ne ba shakka, niyyarsu ma kada su dami na sama ne, amma in an ƙyale su kowa zai nutse.

Mu duba aikin da 'yar ratar nan ke yi. Nan ruwan indararo ke zuba ya sami hanyar lambatu. Nan mai saye zai ajiye motarsa ko babur ɗinsa, a sauke kaya daga mota. Ta nan 'yan kwana-kwana za su ratsa in wuta ta tashi, ita ce kuma ke hana wutar tsallakawa gidan maƙwabci. Ita ke ba direban da ya fito daga lungu damar hango abin da ke tahowa. Ran da aka tashi faɗaɗa hanya ko binne bututun ruwa, ita za a nema. In an gine ta, bukatun nan ba su gushe ba, wuri kawai za su sake. Motocin za su koma kan titi, mai tafiya da ƙafa ya koma tsakiyar kwalta, ruwan ya shiga zauren wanda ya fi kowa gangare.

Saboda haka duk lokacin da aka kawo takardar neman rangwame, tambayar farko ita ce: wa zai biya? Mai gini zai sami ƙarin kantuna da kuɗin hayarsu, wannan a fili yake. Wanda zai biya kuwa ba ya cikin ɗakin taro. Yarinya ce mai zuwa makarantar Islamiyya da yamma, da makaho da ɗan jagoransa, da mai turin kura, da wanda ba a ma haifa ba tukuna. Attajiri yana da lauya da mai zanen gini da za su yi magana da yawunsa. Waɗancan ba su da kowa sai ɗan kwamitin da ke riƙe da alƙalami.

Rangwame don wahala aka yi shi

Duk da haka ba a ce kada a yi rangwame sam ba. Doka ba za ta iya hango kowane fili ba. Akwai fulotin da kwari ya ratsa, akwai wanda hanya ta yanke ya zama siriri, in an ce sai mai shi ya bar cikakkiyar rata gaba da baya, ko ɗaki ɗaya ba zai samu ba. Irin wannan ya cancanci sassauci. Abin da ke taimaka mana mu gane iyakar sassaucin shi ne babin rahusa a fiƙihu. An yarda matafiyi ya yi ƙasaru, majinyaci ya sha azumi, wanda ya rasa ruwa ya yi taimama. Malamai sun kafa wa wannan babi ƙa'idoji, uku daga cikinsu sun dace da maganarmu.

Ta farko, rahusa don kawar da wahala aka yi ta, neman ƙarin riba ba ya cikin dalilanta. Wanda filinsa zai ɗauki kantuna 20 in ya bi doka, yana son 30, ba ya cikin wahala. Ta biyu, wanda ya jawo wa kansa matsi da gangan ba ya fakewa da shi. Malamai ba su yarda mutum ya ƙirƙiri tafiya don kawai ya sha azumi ba. Haka wanda ya sayi fili yana sane da dokar da ke kansa, ya sa aka zana masa ginin da ya fi ƙarfin filin, sannan ya zo yana cewa wuri ya yi masa kaɗan. Ta uku, lalura gwargwadonta ake auna ta. In mita ɗaya za ta warware matsala, ba a ba da uku. Abin sha'awa, hukumomin gari a jihohin Amurka da yawa kusan da waɗannan sharuɗɗa suke aiki: sai wahalar ta zama daga yanayin filin kansa ta taso, ba mai shi ya jawo ta ba, a kuma ba shi mafi ƙarancin abin da zai wadatar.

Canza matsayin fili kuwa ya fi rangwamen rata nauyi. Dattijon nan da ya rubuto ƙorafi ya gina gidansa ne bisa alkawarin hukuma cewa unguwar ta zama ce. In aka kafa bene a gabansa, tagogin hawa na uku za su leƙa tsakar gidansa inda iyalinsa ke sha'aninsu, ƙarar janareta da hayaƙinsa za su kwana da shi. An ruwaito Sayyidina Umar ya rubuta game da wani da ya gina soro ya buɗe taga wajen maƙwabcinsa, cewa a ajiye gado a bayan tagar mutum ya hau, in yana hango cikin gidan maƙwabci a toshe ta. Wato ba a ofis ake yanke irin wannan hukunci ba, sai an je an tsaya a wurin an gani da ido.

Sa'an nan canjin farko shi ke jawo na biyu. Ran da aka ba wannan, gobe na kusa da shi zai zo da tasa takardar, da wane baki za a hana shi? Ma'aunin da na ba ɗalibina shi ne ya tambayi kansa: abin nan da za mu ba wannan mutum, za mu iya ba duk mai fili a kan wannan hanya, attajiri da talaka? In amsar i ce, to hanyar ta riga ta zama ta kasuwanci, sai a fito fili a canza taswirar gaba ɗayanta, a yi shela, a saurari jama'a, a faɗaɗa lambatu, a tanadi wurin ajiye motoci. In amsar a'a ce, to abin da ake nema alfarma ce ga mutum ɗaya, ko da an sa mata sunan ci gaba.

Mai riƙon amana ba ya kyauta

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, domin amfanin 'yan Nijeriya duka. Wannan ya yi daidai da abin da malaman fiƙihu suka faɗa, cewa duk abin da shugaba zai yi a kan talakawansa a ɗaure yake da maslaharsu, har Imam Shafi'i ya kwatanta matsayin shugaba da na mai riƙon dukiyar maraya. Mai riƙon maraya yana iya sayar da kayan maraya in sayarwar ta fi masa amfani, amma ba shi da ikon ya yi kyauta da su don a ce masa mai kirki. To, ɗan kwamiti wakilin mai riƙon amana ne. Ko bai karɓi ko kwabo ba, in ya ba da ratar nan don jin nauyin attajiri, ko don wani babba ya bugo waya, ya yi kyauta da abin da ba nasa ba.

Daga nan za mu gane matsayin rijiyar burtsatse da gyaran lungu. Alheri ne, Allah Ya ba da lada in an yi don Shi. Amma rijiya ba ta kashe gobara a benen da motar ruwa ta kasa kaiwa gare shi. Sharaɗin da ya dace a ɗora wa mai gini shi ne wanda zai kawar da cutar da gininsa zai haifar: wurin ajiye motoci a cikin filinsa, lambatu mai ɗaukar ruwansa, tagogin da ba su kallon gidajen mutane, janareta nesa da katangar maƙwabci. Haka kuɗin da hukuma ke karɓa na canza matsayin fili, kuɗin aiki ne, biyansu ba ya halatta cutar da kowa.

Yardar maƙwabta ma tana da iyaka. Mutum yana da ikon ya yafe haƙƙinsa, har ma an kwaɗaitar da shi ga haka, domin a cikin Muwaɗɗa an hori maƙwabci kada ya hana ɗan'uwansa ɗora azara a kan katangarsa. Amma maƙwabta biyu da mai unguwa ba su da ikon yafe haƙƙin hanya, domin ba su kaɗai ke bin ta ba. Game da kyautar da kan biyo bayan sa hannu kuwa, labarin Ibnul Lutbiyya ya isa. Manzon Allah ya aike shi karɓar zakka, ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta aka yi masa, Manzon Allah ya hau mumbari ya nuna cewa da ya zauna a gidan iyayensa ai da ya ga ko kyautar za ta zo. Kantin da aka ware wa ma'aikaci a sabon bene, ko da sunan matarsa aka rubuta, hukuncinsa ke nan.

Abin da Kano ta gani

Wanda yake ganin maganar nan ta malamai ce kawai, ya dubi abin da ya faru a Kano. A watan Agusta na 2022 ruwan sama ya mamaye kasuwar Kantin Kwari ya lalata dukiya mai yawa, 'yan kasuwa da dama kuwa suka ɗora laifin a kan gine-ginen da aka yi bisa hanyoyin ruwa. Kowane ɗaya daga cikin gine-ginen nan, ran da aka yi shi, an ga kamar ɗan wuri kaɗan ne ba zai yi kome ba.

A watan Yuni na 2023 kuma, kwanaki kaɗan bayan rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf, gwamnatin jihar ta shiga rushe gine-ginen kasuwanci da aka yi a filayen gwamnati zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, ciki har da na tsohon Otal ɗin Daula, da na Filin Sukuwa, da kantunan da ke kewaye da Filin Idi. Sabuwar gwamnati ta ce filayen jama'a ne aka raba ba bisa ƙa'ida ba. Masu kantuna suka ce da takardun hukuma suka yi gini. A watan Satumba na shekarar Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta umarci gwamnati ta biya masu kantunan Filin Idi diyyar Naira biliyan 30, daga baya aka yi sulhu a kan biliyan 3.

Wannan fili ba na siyasa ba ne, kowane ɓangare kuma yana da magoya baya da hujjojinsa. Abin da ya shafe mu shi ne lissafin hasara. Wanda ya sayi kanti da guminsa ya wayi gari a kan ɓaraguzai. Diyyar da za a biya daga baitulmalin jama'a za ta fito, wato daga kuɗin asibiti da makaranta. Takardar hukuma kuma ta rage daraja a idon mutane, alhali da ita ake ciniki a ba da jingina. Duk wannan daga tebur ɗaya ya faro, ran da aka kawo takarda aka sa hannu. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Kalmar "a'a" a ranar duba taswira ba ta cin kome sai ɓacin ran mutum ɗaya, amma in aka bari sai bene ya tashi, da katafila za a faɗe ta.

Amsar da na bayar

Na ce da ɗalibina kada ya sa hannu a takardar yadda take, kada kuma ya jefar da ita. Su tashi su je wurin da ƙafarsu, da safe lokacin da yara ke tafiya makaranta, su kuma tambayi inda ruwa ke bi da damina. Su shiga gidan dattijon nan da izininsa su ɗaga kai su ga abin da mai tsayuwa a hawa na uku zai gani. Su raba buƙatun biyu, kowace a auna ta ita kaɗai. Maganar canza matsayi a dube ta a kan hanyar gaba ɗaya. Maganar rata kuwa, tun da filin lafiyayye ne, gidaje uku ne aka haɗa, babu wahalar da za ta sa a yi rangwame, sai mai shi ya rage yawan kantuna ya ja da baya. Abin da suka yanke duka su rubuta dalilinsa, yadda in an karanta shi a gaban attajirin da dattijon babu wanda zai ce an yi rufa-rufa. In kuma sauran 'yan kwamiti suka rinjaye shi, ya sa a rubuta cewa bai yarda ba, ya sauke nauyin da ke wuyansa.

Maƙwabta kuma ina jan hankalinsu su yi magana da wuri. Ibnu Asim ya ambata cewa wanda yana nan yana gani aka jawo masa cuta ya yi shiru har shekara 10, ƙararsa ta faɗi. Kunya da kawaici halaye ne na kirki, amma ba a wurin da za a toshe wa unguwa hanyar ruwa ba. A rubuta wa hukuma tun ana haƙa harsashi, cikin ladabi, ba da zagi ko jifa ba.

Attajirai kuwa, Allah Ya ƙara buɗi na halal. Ku tuna da gargaɗin da ya zo a Buhari da Muslim a kan wanda ya ci ko taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci, cewa za a rataya masa shi a wuya har ƙasa bakwai ranar Alƙiyama. Ku tuna kuma kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce, har an lissafa shi cikin rassan imani. 'Yan mitocin nan da kuka bari a gaban gininku, duk wanda ya ratsa ta nan lafiya kuna da rabo a ciki, in kun kyautata niyya, ko bayan ƙasa ta rufe idonku.

Ɗalibina ya yi shiru, can ya ce, "Malam, mutumin nan yana da manya a sama." Na ce na sani, ban kuma yi masa alkawarin abin zai zo da sauƙi ba. Mai yiwuwa a canza masa wurin aiki, mai yiwuwa a sa hannun ba da shi ba. Abin da za a tambaye shi a kansa gobe shi ne hannun da ya sa da kansa. Muka yi addu'a, ya tashi ya tafi.

Allah Ya ba shugabanninmu da ma'aikatanmu ikon riƙon amana, Ya sa mu zama maƙwabta na gari, Ya kiyashe mu cin haƙƙin da ba za mu iya biya ba. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.